Jawabin Shugabar Mata: Yaron da ya firgita, ba duka yake buƙata ba

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Funtua da Malumfashi.

Daga sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 zuwa harin masallacin Unguwar Mantau a Agustan 2025, kowa ta san abin da yankinmu ya gani. Waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suna zaune cikinmu. Mun kai masara, mun kai zannuwa, Allah ya saka. Amma akwai ciwon da tuwo ba ya warkarwa.

In kika ga yaro ya koma fitsarin kwance, yana zabura cikin barci, ko jin ƙarar babur sai ya ruga ɗaki, to ba iskanci ba ne, firgici ne. Kar a dake shi, kar a matsa masa da tambaya. A jawo shi jiki, a mayar da shi makaranta cikin sa'o'insa.

Matar da aka sako daga daji kuma, don Allah a daina nuna ta da baki a gidan biki.

Ga aikinmu: kowace gunduma ta fitar da mata biyu masu riƙon sirri, su riƙa leƙa gidajen nan duk mako, su zauna su saurara. Ban da ɗaukar hoto, ban da tambayar katin jam'iyya. Wadda ta daina ci da barci, ko take cewa gara ta mutu, a raka ta Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi a ranar. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.