Babur Mai Tafiya Da Iskar Haidurojin: A Jira Shi Ko Kuwa?

 

Maganarmu ta yau wata wasiƙa ce ta jawo ta. Wata baiwar Allah ce, malamar makaranta, ta rubuto ta ce ta kusa kwasar adashi, kuma niyyarta ta sayi ƙaramin babur, irin mai kama da Vespa ɗin nan da ake zama ƙafa a haɗe, don ɗanta ya riƙa kai ta aiki yana sauke ƙannensa a makaranta. To sai yaron ya nuna mata wani bidiyo a waya, wai an ƙera babur wanda ba ya shan fetur, iska kawai ake ɗura masa, kuma ruwa ne ke fita ta salansa maimakon hayaƙi. Shi ne take tambaya: gaskiya ne? In gaskiya ne, ta riƙe kuɗinta ta jira shi?

Malama, tambayarki ta yi ma'ana. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, kowace uwargida ta san yadda kuɗin fetur ke cinye kuɗin cefane. To bari mu bi abin daki-daki.

Da farko dai, gaskiya ne akwai irin wannan babur. Iskar da ake ɗura masa sunanta haidurojin. Ita ce mafi rashin nauyi a duk abubuwan da Allah ya halitta, ba ta da launi, ba ta da wari. Ruwan nan da muke sha, haɗin haidurojin ne da oksijin, wato iskar da muke shaƙa mu rayu. A cikin babur ɗin akwai wata na'ura da Turawa ke kira fuwel sel, aikinta ta tatso lantarki daga wannan iska. Ba ƙona ta take yi ba, shi ya sa babu hayaƙi.

Yaya take yi? Ku ɗauki misalin rariya. In kin zuba niƙa kina tankaɗe, gari ya wuce, tsaki ya tsaya a sama. To a tsakiyar na'urar nan akwai wata 'yar fata siririya mai aikin rariya. In haidurojin ya iso bakinta, sai ya rabu gida biyu. Kashi ɗaya ya ratsa ta ya wuce. Ɗaya kashin ba ya iya ratsawa, dole sai ya zagaya ta cikin waya, kuma wannan zagayen shi ne lantarkin da ke juya ƙafar babur. A ɗaya gefen sai su sake haɗuwa, su gamu da oksijin na iskar waje, su zama ruwa. Kun ji inda ruwan salansa ya samo asali. Ashe ke nan babur ɗin na lantarki ne, sai dai yana tafe yana haɗa wutarsa da kansa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani lauya ɗan Birtaniya mai suna William Grove ya nuna ta tun 1839. Kumbon Apollo da ya kai Amurkawa duniyar wata a 1969, da irin wannan na'ura ya samu wuta, ruwan da take fitarwa kuma shi mutanen ciki suke sha.

A kan babur fa? Nan ma an jima ana gwadawa. A 2004 kamfanin Honda na Japan ya nuna nasa. A 2005 wani kamfanin Ingila, Intelligent Energy, ya fito da wani mai suna ENV, mai gudun kilomita 80 a awa. Daga baya wannan kamfani ya haɗa kai da Suzuki suka yi wani ƙirar Burgman, aka nuna shi a baje kolin motoci na Tokyo a 2009. A 2011 Tarayyar Turai ta ba shi takardar amincewa ya hau titi. A tsibirin Taiwan, inda kusan kowane gida akwai irin wannan ƙaramin babur, an saki guda 80 a 2012 jama'a suna hawa don gwaji. A 2017 kuma 'yan sandan birnin Landan suka karɓi Burgman guda 7 suka yi gwajin wata 18 da su. Duk sun yi tafiya lafiya. Ba ƙara, ba hayaƙi, kuma cikin 'yan mintoci an cika tanki.

To ga abin tambaya. Yau fiye da shekara 20 ke nan da fara nuna su, amma har yanzu babu ɗaya daga cikin manyan kamfanonin babur na Japan da ya zuba irin wannan a kasuwa kowa ya je ya saya. Me ya hana? Dalilai biyar zan kawo muku.

Na ɗaya, wurin zuba iskar. Kilo 1 na haidurojin yana da ƙarfin fetur kusan lita 4, to amma in an bar shi yadda yake, zai cika durom wajen 55. Kafin ya shiga mazubi kamar jarka mai lita 25, sai an danne shi da matsi mai tsanani, wanda ya ninka na tayar mota kusan sau 300. Silindar gas ɗinmu ta girki ba za ta iya ɗaukar ko kusa da wannan ba. Sai an yi tanki na musamman, an naɗe shi da wani zare mai ƙarfin gaske, kuma yana da tsada. Ga babur ƙarami, ina za a sa babban tanki? Shi ya sa waɗanda 'yan sandan Landan suka gwada, tafiyar kilomita 120 suke yi su nemi ƙari. Mutanen Taiwan sun bi wata hanya, suka sa iskar cikin gwangwanaye masu garin ƙarfe da ke tsotse ta kamar soso. Wannan ba ya son matsi mai yawa, amma ga nauyi, ga iskar kaɗan yake ɗauka.

Na biyu, ina za a samo iskar? Haidurojin ba a tsintarsa a sarari, kullum a manne yake da wani abu, sai an ɓamɓaro shi. Mafi yawan wanda ake yi a duniya yau daga iskar gas da kwal ake fitar da shi, kuma wajen fitarwar ana sakin hayaƙin da aka ce ana gudu. Ko a nan gida ana yin sa. Masana'antun takin zamani, irin ta Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022, daga iskar gas suke cire haidurojin su haɗa takin yuriya. Amma a can ake yin sa, a can ake cinye shi, ba ya fitowa gidan mai.

Hanya mai tsabta ita ce a raba ruwa da wutar lantarki. To nan ne dalili na uku, wato asara. Kafin a samu kilo 1, sai an ci wuta kamar yunit 50 na mita, da tataccen ruwa lita 9. In an zo mai da wannan kilo ɗin lantarki a cikin babur, abin da zai dawo bai wuce yunit 16 ko 17 ba. Uwargida, ki kai gero mudu uku niƙa a dawo miki da mudu ɗaya, gobe za ki koma wurin mai injin nan? Alhali da wutar nan aka zuba wa batir kai tsaye, cikin yunit 50 sai a mori 40 ko fiye.

Na huɗu, tsadar na'urar da laulayinta. Abin da ke raba haidurojin gida biyu wani ƙarfe ne mai suna filatinam, ɗan uwan zinariya wajen tsada, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Sannan 'yar fatar nan ta tsakiya tana son danshi, in ta bushe aikinta ya ragu. Kuma na'urar iskar waje take shaƙa, tana son ta da tsabta. To ku tuna zafin bazara da ƙurar hunturu irin namu. Bayan haka duk, sai an ƙara mata batir, don ita kaɗai ba ta iya ba da ƙarfi farat ɗaya in an murɗa totur.

Na biyar, gidan mai. Gina wurin ɗura haidurojin guda ɗaya yana cin kuɗi mai yawan gaske. Ko ƙasashen masu kuɗi abin yana ba su wuya. Toyota ta fara sayar da motarta Mirai mai haidurojin a 2014, amma a 2024 kamfanin Shell ya rufe wurarensa na ɗura wa ƙananan motoci a jihar Kalifoniya ta Amurka. Babur komai kyansa, in babu inda za a ba shi abinci, ai ya zama kayan ado a zaure.

Wata za ta ce, to haɗari fa? Haidurojin yana saurin kama wuta, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, kuma ba shi da warin da zai sanar da ke yana yoyo. Sai dai saboda rashin nauyinsa, a fili nan da nan yake tashi sama ya watse. Inda abin tsoro yake shi ne rufaffen wuri. Mu kuwa ina muke kwantar da babur da dare? A zaure, ko ma a cikin ɗaki.

Shin ke nan haidurojin ba shi da amfani? A'a. Wajen yin taki da tace mai ba a rabuwa da shi, kuma ana gwada shi a manyan motoci da jiragen ƙasa. Su kansu Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki sun haɗa ƙungiya a 2023 suna binciken injin da zai ƙona iskar kai tsaye kamar fetur. Amma a fagen ƙaramin babur, batir ya riga shi. A Taiwan ɗin nan da aka gwada guda 80, kamfanin Gogoro ya fara tsarin musayar batir a 2015: ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka wuce. Irin wannan tsari ya iso Afirka, 'yan acaɓa na aiki da shi a Ruwanda da Kenya da Jamhuriyar Benin da Togo.

Kafin in rufe, ga gargaɗi. Za ku ji masu cewa suna da wata 'yar kwalba da za a ɗaura wa babur ya koma tafiya da ruwa zalla. Kada ku ba da ko sisi. Ruwa kamar toka yake, abin da ya rage ne bayan haidurojin ya gama ba da ƙarfinsa, kuma ba a hura wuta da toka. Ƙarfin da za a kashe wajen raba ruwan kullum ya fi wanda za a samu. Wani Ba'amurke mai suna Stanley Meyer ya yi irin wannan iƙirari, ya karɓi kuɗin mutane, a 1996 kotu a jihar Ohayo ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mayar musu.

To Malama, amsarki ke nan. Babur mai haidurojin yana yiwuwa, an yi shi, an hau shi. Amma ba ya kasuwa, kuma ko da an kawo miki shi kyauta, babu inda za ki ɗura masa iska. Kada ki yi cinikin biri a sama da kuɗin adashinki. In na fetur za ki saya, ki tambayi masu irinsa kilomita nawa yake yi da lita guda, kuma ko ana samun kayan gyaransa a garinku. In na lantarki ne ya kwanta miki, ki tambaya: ina za a yi caji ko musaya, shekara nawa batirin ke yi, nawa ne sabo, wane bakanike ya iya gyaransa? Kuma kada a bar batir a kan caji cikin ɗakin da yara ke barci. Shi kuma ɗan namu mai son binciken irin waɗannan abubuwa, a ƙarfafa masa gwiwa ya riƙe karatun kimiyya da kyau.

Nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto mana, ƙofa a buɗe take.