A Auna Ruwan Damargu Kafin a Ƙirga Famfuna

  Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

Taken da aka ɗora mini rassa biyu gare shi: ingancin ruwan sha, da wutar lantarkin da ake samu daga teku. Na biyun zan sallame shi da wuri. Tashar La Rance a Faransa tana samar da lantarki daga cikowa da janyewar teku tun 1966, ta Sihwa a Koriya ta Kudu ta biyo baya a 2011 da megawat 254. Ilimi ne mai kyau, ɗalibanmu su karanta shi. Amma Nijar ba ta da gaɓar teku. Rana muke da ita, kuma yau ita ce ke ɗago ruwa daga foraj zuwa shato a ƙauyuka da dama. Abin da ya dame ni shi ne irin ruwan da take ɗagowa.

Ba ni zan gaya wa mutumin Damargu zurfin rijiya ba, shi da raƙuminsa ke jan wasaki tun asuba. Wannan wahala ce ta sa duk wanda ya kawo mana foraj sai godiya, ba tambaya. Ita kuwa hukuma tana da lissafinta: mutum 250 ga kowane wurin ɗiban ruwa na zamani. A ƙirga famfuna, a ninka da 250, a gwada da yawan jama'a, sai a ce ga adadin waɗanda suka samu ruwan sha. Na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kan wannan lissafi, kuma ban sauka ba. Yana nuna inda aka haƙa rami, amma bai san abin da ke cikin ruwan ba.

Hujjata Tibirin Gobir ce, kusa da Maraɗi. Daga 1985 aka riƙa raba wa garin ruwan wani foraj mai zurfi, daga baya a ƙarƙashin kamfanin ruwa na ƙasa na wancan lokaci, SNE. Ruwa ne garau, ba wari, ba ɗanɗano. Mata suka huta da guga, a takarda kuma Tibiri ta shiga sahun garuruwan da suka samu ruwa mai tsabta. Ashe sinadarin fuluwo ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Kusan shekara 15 ana sha. Yaran da aka haifa a tsakanin nan haƙoransu suka rine, suka yi ja, da yawa ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu ƙasusuwansu suka sandare har tafiya ta gagare su. Dubban yara abin ya shafa, kuma a 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, suka fitar da rahoto a kai. Ƙashin da fuluwo ya lanƙwasa ba ya miƙewa da allura ko ƙwaya. Waɗannan yara yau magidanta ne da iyayen ƴaƴa, suna nan da raunin a jikinsu.

Ku lura da abin da ya sa nake maimaita wannan labari a nan. Ruwan da muke nema a Tanut da Balbeji yana can ƙasa cikin tsohon dutsen yashi, ya yi shekaru aru-aru yana kwance tare da dutse. Irin wannan daɗewa ita ce ke ba ma'adinai damar narkewa a ruwa. Ido ba ya ganin fuluwo, harshe ba ya jin sa. Javel ba ta cire shi. Tafasawa ma ƙara masa kauri take yi, tunda ruwa ne ke tashi, shi yana zaune. Foraj biyu masu maƙwabtaka suna iya bambanta idan zurfinsu ya bambanta. Awo kaɗai ke raba gardama.

Sauran cutar kuwa tsakanin famfo da randa take. Ruwa ya fito da tsabta, ya shiga bidon da ba a wanke ba, ko kuma dabbobi sun yi kaca-kaca da bakin rijiya, kashinsu na komawa ciki. Ƙa'ida ita ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100. Mun ga abin da kwalara ta yi a jihohin Maraɗi da Damagaram a 2021.

Za a ce mini babu kuɗi, kuma mai ƙishirwa ba ya jiran sakamakon awo. Na ji. Kuɗin awon ruwa ɗan ƙanƙani ne a gefen kuɗin foraj mai zurfi da shato da farantan sola. Masu cewa ƙauye ba zai iya sa ido ba kuma, su tuna kurkunu: da ƙyallen tace ruwa da ƴan sa-kai na ƙauyuka masu kai rahoto aka kore shi, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Ga abin da nake nema. Kada a buɗe sabon foraj sai an auna fuluwo da nitirat da ƙwayoyin cuta, kuma a sake awon sau biyu a shekara, da rani da bayan damina, daga cikin kuɗin da ake sayar da ruwan. A ajiye kayan awo a Tanut da Balbeji, a daina jiran Yamai, Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta horar da masu aikin. Rijiyoyin da ke kewaye da matatar man SORAZ, a komin ɗin Olelewa, su shiga wannan tsari, domin duk inda ake sarrafa mai ya kamata a sa ido kan ruwan ƙasa. Inda aka samu fuluwo ya wuce mizani, a bar ruwan ga wanki da gini, a nemo wa yara wani, ko a tace shi da gawayin ƙashi. Sakamakon kuma a rubuta shi da Hausa a jikin famfo, da kwanan watan awo, a karanta shi a gidan rediyon gari, magajin gari ya sa hannu a kai.