Lalacewar Jijiyoyin Hannu da Ƙafa: Dalilanta da Alamominta

Sau da yawa akan kawo mutum asibiti da gyambo a tafin ƙafa, a tambaye shi ranar da ya ji ciwon, ya ce bai sani ba. Ƙusa ya taka, ko garwashi, amma ko kaɗan bai ji zafi ba. Wannan ba jaruntaka ba ce, ba kuma sammu ba ne. Jijiyoyinsa ne suka lalace.

Ba jijiyoyin jini ake nufi ba. Waɗansu fararen zarurruka ne da suka fito daga ƙwaƙwalwa da laka, suka bazu ko'ina a jiki kamar wayoyin tangaraho. Waɗansu suna kai labarin zafi da sanyi da taɓi. Waɗansu suna kai wa tsoka umarnin motsi. Waɗansu kuwa su ke kula da gumi da bugun zuciya da aikin hanji.

Ciwon yakan fara ne daga yatsun ƙafa, domin jijiyoyin da ke zuwa can su suka fi tsawo. Mutum yakan ji mijirya wadda ba ta wucewa, ko raɗaɗi kamar an shafa barkono, musamman da dare. Daga nan sai ƙafa ta sage, ya ji kamar kan auduga yake tafiya, takalmi ya saluɓe bai sani ba, ya riƙa tangaɗi cikin duhu. In abin ya kai ga tsoka, sai ƙafa ta riƙa jan ƙasa, hannu ya kāsa riƙe fartanya. Akan kuma ga bushewar fata da faso, da jiri in an miƙe tsaye.

Babban dalili shi ne ciwon sukari, gama kusan rabin masu shi sukan sami wannan lahani in sun daɗe da shi. Sai kuturta, wadda wani likitan ƙasar Norway, Hansen, ya gano ƙwayar cutarta a 1873. Farkon alamarta tabo ne a fata wanda ba ya jin taɓi. Tana warkewa da shan magani na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake ba da shi.

Har wa yau akwai yawan shan barasa, da ƙarancin bitamin B1 ko B12, da gubar dalma irin wadda ta ɓulla wajen masu haƙar zinariya a Zamfara a 2010. Farfesa Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya nuna a 1968 cewa dogaro da rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana da alaƙa da ciwon. Allurar ɗuwawu da wanda bai ƙware ba ya yi tana iya soke babbar jijiyar ƙafa, yaro ya gurgunce. Maganin tarin fuka mai suna isoniyazid ma yakan jawo shi, shi ya sa likita kan haɗa shi da bitamin B6.

Jijiyar da ta yi rauni tana tofowa, amma a hankali, kamar milimita 1 a rana. Wadda aka bari ta daɗe kuwa, ba lalle ta dawo ba. Saboda haka duk wanda ya ga waɗannan alamu ya hanzarta zuwa asibiti a auna jininsa, a duba fatarsa. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya yi yawo ba takalmi, kada ya gasa ƙafa a bakin wuta lokacin hunturu, kada kuma ya yarda a yi masa tsaga. Ƙaramin rauni a ƙafar da ba ta ji, shi ke kai wa ga yanke ta.