Gidan Madaki da Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Jawabi ga Wakilan Mazaɓunmu na Ganjuwa

 

 

An ba ni in yi magana a kan abin da ɓangarenmu zai nema daga duk wanda ke son tsaya mana takarar ciyaman ko kansila. Masu magana kafin ni sun taɓo asibiti, sun taɓo taki da makarantun firamare, kuma duk na amince da abin da suka ce. Ni zan ɗauki abu guda wanda ba a cika kawo shi taron siyasa ba, wato tsofaffin gine-ginen garin nan. Na san wani zai ce a ransa, mutane na fama da tsadar masara, wannan kuma ya zo mana da zancen ginin ƙasa. Ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga inda zancen ya haɗu da aljihunku.

Da yawa daga cikin yaranmu suna wuce Gidan Madaki kullum, a ƙafa ko a kan babur, ba su san abin da suke wucewa ba. An gina gidan nan wajen shekarar 1860, kuma ana danganta aikinsa ga Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. A 1956, saura shekara huɗu a sami mulkin kai, gwamnati ta sa Gidan Madaki cikin rukunin farko na gine-ginen tarihi na ƙasa baki ɗaya. Ku duba fa, a lokacin ga Kano, ga Sakkwato, ga Katsina, amma aka zo wannan ɗan garin namu aka ce wannan ginin na Najeriya ne gaba ɗaya. Duk ɗalibin da ya karanta tsarin gine-ginen Hausa a jami'a sai ya ci karo da sunan Kafin Madaki. Wasunmu kuwa da aka haifa a nan ba su taɓa shiga su ɗaga kai su kalli rufin ba.

To, yaya irin wannan gini yake rayuwa, kuma yaya yake mutuwa? Ku tambayi tsofaffin magina, suna nan da ransu. Da tubali ake tayar da bango, tubalin hannu da aka busar a rana. Rufi kuma azara ce ta giginya, ana jera ta ana ɗaure ta har ta ba da bakan gizo, a haɗa bakunan su riƙe soro ba tare da ƙarfe ko siminti ba. A sama a yi daɓe, a bi shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Bango kuma a shafe shi da makuba ta ɗorawa. Sai indararo, wanda ke tsallakar da ruwan sama nesa da gindin bango. Duk wannan hikimar, abu ɗaya take buƙata, a duba ta kowace shekara kafin damina. A yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo, a duba ko gara ta shiga azara. Idan aka yi haka, ginin zai ga jikokin jikokinmu. Idan aka bar shi damina uku ko huɗu, ruwa zai sami hanya, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya faru a Zariya ya isa darasi. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na wancan masallacin na Babban Gwani ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wannan fa a Zariya ne, ƙofar fada, garin da ke da jami'a mai sashen koyar da zanen gine-gine. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zancen tsohon gini zancen rai ne, domin mutane suna salla a ciki, suna zama a zaurensa, yara suna wasa a gindinsa.

Yanzu bari mu zo kan tambayar da 'yan'uwanmu na ɗaya ɓangaren suke so su rufe mana baki da ita. Suna cewa, ai wannan aikin gwamnatin tarayya ne, akwai hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ina ruwan ƙaramar hukuma? Gaskiya ne akwai hukumar, an kafa ta da doka a 1979, kuma duk ginin da aka ayyana na ƙasa ne, ba mai taɓa jikinsa sai da izininta. Ba mu musa ba. Amma ku faɗa mini, me ke kashe ginin ƙasa? Ruwa ne da ke kwanciya a gindinsa. Wa ke da alhakin magudanar ruwa a cikin gari? Ku buɗe Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, a rubuce yake, tituna da lunguna da magudanun ruwa aikin ƙaramar hukuma ne. Kwashe shara nata ne. Kasuwa da tasha nata ne. Ba da izinin shago da kes nata ne. Har allunan talla da ake kafawa a bakin hanya, ita ke da ikon tsara su. Wato duk abin da ke kewaye da ginin a hannun ciyaman da kansiloli yake. Idan ɗan kwangila ya zuba wa layi ƙasa ya ɗaga shi sama da dandaɓen tsohon gida, ruwan damina ya riƙa komawa cikin zaure, ba wani jami'i daga Abuja da zai zo da shebur ya tare shi. Idan aka yanka wa wani fili ya jingina shagonsa da tsohon bango, a sakatariya aka sa hannu.

Kuma Gidan Madaki shi ne mai gata, tunda sunansa na cikin littafin gwamnati. Ina tsofaffin masallatan unguwa? Ina zaurukan masu gari a ƙauyukanmu, da ragowar ganuwa, da tsofaffin rijiyoyi da marina da maƙabartu? Waɗannan ba su cikin lissafin kowa. In ƙaramar hukuma ba ta kula da su ba, babu mai kula.

A da can, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, En'e ce ke riƙe da irin wannan aiki, ita da masu sarauta. Akwai Sarkin Magina da yaransa, akwai lokacin yaɓe da kowa ya sani, hakimi ya sa a yi gayya. Ba ina cewa a koma mulkin En'e ba ne, iyayenmu da suka yi gwagwarmayar siyasa a jamhuriya ta farko sun san ɗacinta. Abin da nake nunawa shi ne, da aka karɓe iko da baitulmali daga hannun sarakuna aka ba zaɓaɓɓu, wannan nauyin bai bi kuɗin ba. Masu sarauta aka bar wa ginin, kuɗin kuma ya koma wani wuri. Shi ya sa za ka ga mai gari yana bin masu hali yana neman gudummawar gyaran zauren da duk gari ke taƙama da shi.

Shekara da shekaru, amsar kowane ciyaman ita ce babu kuɗi, asusun haɗin gwiwa ya riƙe. To, ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo da ba a zaɓa ba ba su da gurbi a tsarin mulki. Kason ƙananan hukumomi a asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari. Kowa ya san aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, kuma ɓangarenmu na cikin masu cewa a aiwatar da shi sak. Amma ku lura da wani abu, jama'a. Ranar da kuɗin ya fara sauka kai tsaye, ranar ce haɗarin tsofaffin gine-gine zai ƙaru, idan ba mu yi shiri ba. Ciyaman mai kuɗi a hannu yana son aikin da za a yanka masa kintinkiri a ɗauki hoto. Rushe tsohuwar rumfa a jera shaguna na bulo yana da kwangila, yana da kaso. Yaɓe ba shi da kaso, shi ya sa ba a son sa. Talauci ya bar wasu gine-ginen suna lalacewa sannu a hankali, katafila kuwa wuni ɗaya ya ishe ta.

Akwai kuma gyaran gangar auzinawa, wanda ake yi da kyakkyawar niyya. A zo a lulluɓe bangon ƙasa da siminti, a shafa fenti, a ce an gyara. Ƙasa tana shan laima tana fitar da ita. Siminti kuwa yana kulle laimar a ciki, bangon ya ruɓe ta ciki ba a gani, wata rana simintin ya ɓamɓaro da rabin bangon. Duk tsohon magini ya san wannan. Abin takaici, idan aka zo ba da aiki ba a neman sa, domin ba shi da kamfani mai rajista.

Saboda haka, ga abin da muke so duk mai neman tutarmu ya amsa a gaban wakilai, da bakinsa, kafin mu ɗaga masa hannu.

Na farko, cikin wata shida na hawansa, kowane kansila ya zauna da masu unguwanni da dattawan mazaɓarsa a rubuta tsofaffin gine-gine da wuraren tarihi da ke cikinta, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a sakatariya da gidan hakimi. Wannan ba ya cin kuɗi, littafi ne da waya.

Na biyu, majalisar kansiloli ta yi dokar da za ta hana yanka fili, kafa kes, ko zuba shara a jikin duk wurin da ke cikin wannan littafi, kuma ba za a rushe ko ɗaya ba sai an kawo maganar zauren majalisa a fili.

Na uku, a sa layi guda a kasafin kuɗin kowace shekara don yaɓe da gyaran magudanun ruwa na kewayen waɗannan wurare, a saki kuɗin kafin watan Afrilu ya fita, domin gyaran da aka yi bayan ruwa ya sauka asara ce. A manna adadin a allon sakatariya kowa ya gani.

Na huɗu, aikin ya tafi hannun maginan gargajiya na ƙasar nan, kowanne a haɗa shi da samari masu koyo, a biya su. Abin da ya shafi jikin Gidan Madaki kuwa, a rubuta wa hukumar tarihi ta ƙasa, a yi shi da saninta da sanin iyayen ƙasa.

Wanda ya ce wannan ba aikin yi ba ne ga matasa, ya lissafa. Mai haƙo ƙasa, mai kwaɓa, mai buga tubali, mai kawo azara, mai amalanke, mai ruwa, mai sayar musu da abinci, duk 'yan garin nan ne, kuma kuɗin a kasuwar garin nan za a kashe shi. Buhun siminti kuwa, ribarsa ba ta kwana a Ganjuwa. Ku dubi maƙwabtanmu. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallacinsu, abin ya zama biki. A Agadas ta Nijar, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙasarsu ba ta fi tamu danƙo ba. Sun dai riƙe al'adar gyara ne. Mu da muke kan hanyar Bauchi zuwa Kano, motoci na wuce mu dare da rana, me zai hana a kafa allo mai kyau a bakin titi, makarantun jiha su riƙa kawo ɗalibai, a sami yaran gari biyu uku da za su iya ba da tarihin wurin?

Ku matasanmu, akwai naku kason, kuma ba sai an ci zaɓe ba. Lokacin kamfe na zuwa. Ɓangarenmu ba ya manna fosta a tsohon bango, ba ya rubuta sunan ɗan takara da fenti a jikin masallaci ko zaure. Wasu in sun yi, ku bar su da halinsu, mutanen gari suna gani. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin lungun da ruwa ke kwanciya da bangon da ya fara rinjaya, ku faɗa wa kansila, in bai ji ba ku faɗa mana.

Masu neman takara da ke zaune a nan, kada ku ɗauki wannan a matsayin faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma mun gaji da ɗauki-ɗora, mun gaji da wanda za a aiko mana daga sama bai san sunan unguwanninmu ba. Wanda ya amsa waɗannan huɗun, za mu rubuta ranar da ya amsa, mu ajiye, shekara na zagayowa mu zo masa da takardar.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.