Yadda Sabon Shiga Zai Gyara Hannunsa a Darar Turawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai, Wudil



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan darar Turawa, wato ces, sai da na yi dariya, domin waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun san ko ƙwallo ban iya ba. Ban taɓa wannan dara ba sai da na je bautar ƙasa, kuma shigata ta farko ba ta yi daɗi ba. Ɗan mai gidan da nake haya, yaro ɗan shekara 11, shi ya ritsa sarkina cikin tafiya 4 a gaban abokaina. Na ce a sake, ya sake yi mini irinta. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Daga baya na gane abin da ya faru. Sarauniyarsa da giwarsa ne suka haɗu a kan dakaren da ke gaban giwar sarkina, wanda ba shi da mai tsaro sai sarkin kansa. Ni kuwa ina can ina lissafin abin da zan ci, ban ko dubi inda ya dosa ba. Wannan ita ce cutar kowane sabon shiga, kuma maganinta ne na zo da shi yau.

Wasan ba baƙo ba ne ƙwarai. Daga Indiya ya taso wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya isa ga Larabawa, waɗanda suke kiransa shaɗaranji. Allonsa gida 64 ne, kowa da 'ya'ya 16. Darar da dattawanmu suke yi a gindin bishiya gida 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Tsarin ya bambanta, amma duk wanda ya tsaya a kan dattawan nan ya san gwani ba ya ɗaga hannu sai ya karanta nufin abokin karawarsa.

To, shawarata ta farko ke nan. Kafin ka taɓa kowane ɗa, tambayi kanka: me ya sa ya yi wannan tafiya, kuma me zai ci idan na ƙyale shi? Yawancin wasannin sababbin shiga ba dabara ke cinye su ba, kyautar da 'ya'ya ce.

Na biyu, san darajar abin da ke hannunka. Dakare maki 1 ne, doki 3, giwa 3, soro 5, sarauniya 9. Wanda ya ba da soro ya karɓi doki ya yi cinikin da ko a karar Wudil ranar Juma'a sai an yi masa dariya.

Na uku, kada ka wahalar da kanka da haddar hanyoyin buɗe wasa. Ka kama tsakiyar allo da dakaru, ka fito da dawaki da giwaye, ka ɓoye sarki a lungu da wuri. Kada ka yi gaggawar fito da sarauniya, don za a yi ta korarta, abokin karawarka yana shirya rundunarsa.

Na huɗu, koyi ƙarshen wasa. Capablanca, mutumin Kyuba da ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, ya shawarci masu koyo su fara daga nan. Ka iya ritsa sarki da sarauniya, sa'an nan da soro ɗaya, ka kuma iya raka dakare har ƙarshen allo ya zama sarauniya.

Na biyar, wanda ya fi amfanata, rubuta wasanka. Na sayi littafin rubutu mai ganye 40, duk wasan da aka cinye ni sai in sake jera shi da dare, in nemi inda na kauce. Da na tara wasanni 20 sai na ga kuskurena kusan iri ɗaya ne, ina manta doki yana tsallake. Malaman lissafinmu suna zaune a nan, sun tuna yadda suke tilasta mana gyara bayan kowace jarrabawa. Abin da muke gudu a lokacin, shi na koma yi da kaina. Kafin in gama bautar ƙasa na ci yaron nan sau biyu, shi kuwa ya ci ni ba adadi.

Masu waya suna iya yin atisaye kyauta a Lichess, sai dai a guji wasan minti ɗaya, ba ya koyar da komai sai gaggawa. A ba kowa minti 15.

Me ya kawo wannan magana taronmu? A 2018 Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa wannan wasa a Ikorodu ta Jihar Legas, a 2024 kuma ya yi awa 60 yana bugawa a birnin New York don tara wa ilimin yara kuɗi. Ƙannenmu na makarantar nan ba su gaza waɗancan yara kaifin ƙwaƙwalwa ba, allo da mai nuna musu kawai suka rasa. Yaron da ya saba tambayar kansa abin da zai biyo baya kafin ya miƙa hannu, zai yi haka a ɗakin jarrabawa, zai yi haka ranar da abokan banza suka kira shi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta saya wa makaranta allo 10. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa daga Kano Asabar biyu a kowane wata, har yaran su iya koya wa junansu. Wanda zai taya ni ya ba sakatare sunansa kafin mu watse.