Bangaskiya, Kasuwanci da Dokar Ƙasa

Tambayarmu ta yau ita ce: idan dokar ƙasa ta saɓa wa bangaskiyar mai kasuwanci, ya kamata a ɗauke masa ita?

A Amurka maganar ta kai har Kotun Ƙoli. Kamfanin Hobby Lobby na iyalin Green ne, masu bi waɗanda ba sa buɗe shagunansu ranar Lahadi. Ƙarƙashin dokar lafiya ta 2010, gwamnati ta wajabta wa manyan kamfanoni su sa magungunan tsarin iyali cikin inshorar ma'aikatansu. Iyalin suka yarda da iri 16, suka ƙi 4, domin a ganinsu waɗannan suna iya ɓatar da ciki bayan ya shiga. Ranar 30 ga Yuni 2014, alƙalai 5 cikin 9 suka ba su gaskiya. Dalilinsu kuwa, gwamnati tana da wata hanyar isar da maganin ga ma'aikata ba sai ta tilasta wa iyalin ba. Mai shari'a Ginsburg ba ta yarda ba. Ta tambaya, to yaya ke nan idan addinin mai kamfani ya hana ƙarin jini ko rigakafi?

A 1982 kuwa, wani manomi ɗan ɗarikar Amish ya ƙi biyan harajin fanshon ma'aikatansa saboda bangaskiya. Wannan kotu ta ce sai ya biya, gama wanda ya shiga kasuwanci ba zai ɗora wa ma'aikaci nauyin lamirinsa ba.

Ga abin da za mu riƙe. Kafin mu nemi a ɗauke mana wata doka, mu tambayi kanmu wanda zai ɗauki asarar. Idan muka rufe shago ko injin niƙa ranar Lahadi, asarar tamu ce, sadaukarwa ce ga Allah. Amma hana ɗan ƙwadago ladansa ko tauye mudu, maƙwabci ne yake biya, ba kuwa mai laɓewa bayan addini a nan.

A Nijeriya ma, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 45 kuma ya yarda a yi masa iyaka domin kare haƙƙin wasu. 'Yancin da muke nema wa kanmu, mu nema wa maƙwabcinmu Musulmi shi ma.

Allah ya ba mu hikima. Amin.