Tsofaffin Mujallun Zane da Tsadarsu



Yau zancenmu kan tsofaffin mujallun labaran zane na Amurka ne. Action Comics ta 1938, wadda Superman ya fara fitowa a cikinta, santi 10 aka sayar da ita. A 2024 kuwa, kwafi ɗaya ya kai dala miliyan 6 a gwanjo. Miliyan 6 fa!

To, kai mai son fara tarawa, kada kuɗin nan su ruɗe ka. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙaranci ne, da lafiyar takarda. Yagewa kaɗan a bango na iya karya farashi warwas. Fara da mai araha, wadda ranka ke so. Ka tabbatar bugun asali ce, don an sha sake buga shahararrun. Sannan ka kare ta daga rana, danshi da gara.

Mu kwana nan.